Ƙodar da Fumie Ta Bayar

Fumie tana da shekara saba'in da ɗaya ta ba 'yarta Sachiho ƙoda a birnin Sendai na ƙasar Japan. Likita ya ce ko ta tsohuwa takan kai shekara goma in an kula. A shekara ta huɗu aka mayar da Sachiho wankin ƙoda.

Uwar ta kawo mata miyar miso, ta zauna bakin gado.

"Yafe min, 'yar nan. Tsohuwar aba na ba ki."

"Haba Mama, bari mana."

Sachiho ta sunkuyar da kai. Wata takwas ta yi tana tsallake maganin da ke hana jikinta ƙin ƙodar a ɓoye, don yana kumbura mata fuska. Ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta ce miyar ta yi daɗi.