Akun da Rebecca Ta Sayo

…kuma ya sake yi. A kan zanin zumuntar matan coci! Duk tsawon igiyar shanyar nan, duk tsummokaran da ke kanta, bai ga inda zai juya gindi ya saki ba sai kan zanin da za ta ɗaura ranar Lahadi. Kore-kore da fari, ruwa-ruwa, yana gangarowa a hankali. Rebecca na tsaye a baranda da tsintsiya a hannu, shi kuwa gogan naka ko a jikinsa — ya karkata kai, ya kafa mata ido ɗaya ta cikin keji, ƙwayar idon na tsukewa tana buɗewa. Me yake kallo? Ita ta sayo shi da hannunta, ita ce kuma mai kwashe masa kashi.

Yau zai bar gidan nan. Yau kasuwa ke ci, Bakoji mai tsuntsaye yana nan a bakin tasha. Za ta lulluɓe kejin da buhu, ta saɓa a kafaɗa yadda matan garinsu ke ɗaukar kaya… a kafaɗa? Kusa da fuskarta? Allah ya kiyaye. A hannu dai, nesa da jiki, ta dire masa abinsa ta juyo, ko sallama ba sai ta yi ba.

Aku. Wai ita ce da aku, ita da ko tattabara ba ta taɓa kiwo ba. A ƙauyensu Kazage ma kajinta can bayan rumbu suke kwana, kazar da ta yi karambanin leƙo ɗaki ranar sai tukunya. Matan coci har tsiya suke mata, wai gidan Rebecca ba gida ba ne, asibiti ne, gindin tukunyarta ya fi fuskar wasu haske. To ga asibitin yau. Ɓawon gyaɗa, tsutsar ƙuda a ƙarƙashin keji, da wani farin gari mai zubowa daga gashinsa kamar dusa, a kan kujera, a kan murfin randa, har a makogwaro take jin sa. Ga wari, wani ɗumi-ɗumi mai tsami. Ga ƙirjin da ya fige da bakinsa, fata ja a waje. Harshen kuwa… kai, harshen! Baƙi, mai kauri, busasshe, yana motsi a cikin baki kamar ɗan yatsan jinjiri. Kuma da ƙafa yake ɗaukar abinci ya kai baki, ƙafar da ya taka kashinsa da ita.

Wa ya aike ta? Inna Asibi, maƙwabciyarta, da baki har kunne ta kan katanga: "Maman Ladi, gidan da ba a magana aku ake kai masa. Ya yi ta zuba, mutum ko don haushi sai ya tanka." Ita kuma ta ɗauka. Me ya rage da ba ta ɗauka ba? Addu'ar fasto, allurar asibiti, hayaƙi, jiƙo, rediyo a kunne tun safe har batir ya mutu… Philemon dai shiru. Mijinta. Tun ranar da mutanen daji suka sako shi bai ce uffan ba. A gonar masara suka ɗauke shi, masara na bunƙasa, bai dawo ba sai da aka yi wata shukar, lokacin ita ta riga ta kwaso 'yan komatsanta ta gudo cikin Birnin Gwari ta kama ɗaki. Likita ya duba makogwaro, ya duba kunne, ya ce lafiyarsu lau, a yi haƙuri. Haƙurin ne ya kai ta bakin tasha.

Bakoji, da haƙoransa jajaye da goro, yana rantsuwa direbobin Kurmi ne suka kawo masa, ɗan saurayin aku ne, bai ɗauki harshen kowa ba tukuna. "Amma fa akwai sharaɗi, Mama. Ɗanyar gyaɗa za ki tauna, ki ba shi baki da baki. Wanda ya sha yawunsa, muryarsa yake ɗauka. Haka ake yi." Haka ake yi! A wane gari? Ta dai gwada, kada a ce ba ta gwada ba. Ta tauna, ta rufe ido, ta miƙa leɓe jikin waya… sai ta ji abin nan busasshe ya taɓa mata leɓe — da ƙyar ta kai bakin kwata. Har kunun jiya sai da ya fito. Ta wanke baki da gishiri, da toka, da sabulun wanki, ta yini tana tofar da yawu.

Daga ranar sai gwangwanin madara da dogon cokali. Ta tura masa gyaɗa daga nesa, ta koma bakin ƙofa, tana cewa, "Ina kwana, Baban Ladi. Ina kwana, Baban Ladi," ko zai ɗauka ya riƙa gaya wa mai gidan. Ina! Tsuntsu ya takure, ya ƙi ci, ya kama fige kansa. Abu ɗaya tak ya koya a wurinta, kuma ya iya shi fiye da ita: tsaki. Ta shigo, tsaki. Ta fita, tsaki. Inna Asibi ta ji ta kan katanga ta yi dariya har da tari.

Sai ranar nan da ta dawo daga ɗiban ruwa… Philemon a tsugune gaban keji. Kumatunsa na motsi. Ya manna leɓensa a waya, farin yawun gyaɗa na dalala ta gefen gemu, abin nan kuma ya zura baki cikin bakinsa yana lasa, yana ɗan kuka ƙasa-ƙasa, yana karkaɗa fiffike. Bakin mijinta. Bakin da ke jan waƙa a coci. Ta dire bokiti. Ta ɗora ruwan zafi ta wanke barandar, ta wanke har inda bai taka ba. Tun daga nan kullum ne, da ta ba da baya sai ya tsuguna. Aku ya yi ƙiba, gashin ƙirji ya fara tsirowa, kashi ya ninka.

Ba za a ce ta guji Philemon ba. Wa zai ce? Ranar da aka kawo shi a bayan mota, 'yan'uwansa na jini da baya-baya suka riƙa ja suna toshe hanci. Ita ce ta tare shi. Ita ta aske gashin nan da ƙwarƙwata ta yi wa gida, ita ta ƙone tsumman jikinsa. Mikin da sarƙa ta yi masa a idon sawu, ita ta zauna da tsinke tana zaro tsutsotsi, farare, masu ƙiba, suna murɗewa a ƙasa… ba ta yi amai ba ranar. Ko hawaye ba ta yi ba. To don me yanzu? Miki ya warke, ya yi fes, wanka sau biyu take haɗa masa — amma warin dajin nan yana hancinta. Ko a jikinsa yake, ko a hancinta, ita ma ba ta sani ba.

Da cin abincinsa. Wayyo, cin abincin nan! Ya ɗauki kwano ya juya wa mutane baya, ya fuskanci bango a tsugune, ya zagaye kwanon da hannu ɗaya kamar za a ƙwace. Loma kan loma, ba tauna. Ya side kwano, ya side yatsu, ya side tsintsiyar hannu, ya tsince wanda ya faɗi ƙasa da ƙasar da komai. Ranar wanki ta zura hannu aljihunsa ta ji abu lumtsum — tuwon shekaranjiya, ya yi tsami ya yi gashi. Wannan ne Philemon? Philemon mai surutun da sai ta ce don Allah Baban Ladi ka bar kunnena ya huta? Wanda a gona, gindin ɗorawa, yake cewa shi ba zai ci shi kaɗai kamar maraya ba, ta sa hannu su ci tare, mazan gari na masa dariya wai mace ta gama da shi, shi kuwa yana tura mata tsokar kifi gabanta…

Kai, bari. Rana na yi, kasuwa za ta watse. Tuwo na kan murhu a rufe, in ta dawo ta kwashe. Philemon yana can waje gindin mangwaro inda yake yini, tana hango ƙeyarsa ta ƙofar gida. Gara yanzu da ba ya kallo. Zai nemi abin? Ya nema. Ya buɗe baki ya tambaya mana, ai abin da ake so ke nan. Ta jawo buhu ta jefa kan kejin, ta naɗe hannu da tsumma, ta sauke shi daga ƙusa. Nauyi gare shi, ƙazamin banza. Ruwan gwangwani ya fantsalo mata a ƙafa, ta ja tsaki, aka mayar mata daga cikin buhu.

"Ci."

Ta tsaya cak. Wa…? Ta waiga. Ba kowa a baranda. Ƙeyar Philemon na can inda take, ko motsi ba ta yi ba.

"Ci abinka."

Daga cikin buhun ne. Amma muryar — Yesu! Muryar nan mai kauri, mai ɗan karcewa a ƙarshe, da harshen Gwari a ƙarƙashin Hausar. Muryar da ta yi azumi a kanta, ta yi kuka a kanta, ta sha wari da kashi a kanta. Ashe yana magana? Ashe da ta ɗauki bokiti ta fita, bakin nan buɗewa yake yi? Tun yaushe? Sau nawa ya faɗa kafin tsuntsu ya haddace? Ta ajiye kejin a tsakiyar baranda a hankali, tana riƙe numfashi, tana jira ko zai kira sunanta.

"Ci abinka… ni ma kwanona daban."

Sai ƙarar ɓawon gyaɗa a cikin buhu.

Kwanon. Shuɗin kwanon roba. Ga shi can kife a kan katanga, shi da kofinsa, da sosonsa na wanke-wanke rataye a ƙusa ta daban. Ai likita ne ya ce! Da tari ya dawo daga daji, likita ya ce a ware masa kwano da kofi har ya gama shan magani. Ba ita ta ƙirƙiro ba, a je a tambaya. To… maganin ya ƙare. Tun kafin a cire gyaɗa ya ƙare, aka sake gwaji, likitan da kansa ya ce, "Madam, ya warke sarai, ku koma yadda kuke." Ta ce to. Ta dawo gida ta zuba masa a shuɗin kwano. Mantuwa ce? Mantuwa kullum, safe da rana da yamma? Da dogon cokali take tura wa aku gyaɗa. Shi kuma a bakin ƙofa take dire masa kwanon, ta ja da baya, ta tafi wanke hannu. Ta zaci wanda ba ya magana ba ya gani.

Ƙyama take ji. Ƙyamar mijinta take ji, ba ta aku kaɗai ba, kuma ya sani, ya sani har ya gaya wa tsuntsu. Da ya zage ta ma da ya fi mata sauƙi. Babu ko fushi a muryar, lallashi ne, irin yadda yake yi wa Ladi tana ƙarama in ta ƙi cin abinci.

Babban kwanon samira na Kazage yana ƙarƙashin gado, albasa take zubawa a ciki. Ga ta a durƙushe tana jawo shi, ga ta tana juye albasar a ƙasa, ita Rebecca, a ƙasa! Ta ɗauraye. Malmala biyu, miyar kuka a kai, tururi na dukan fuskarta. Kwano ɗaya. Zai zagaye shi da hannu? Zai side yatsun nan ya mayar cikin miya, gemun nan da yawun gyaɗa, leɓen da baƙin harshe ya gama lasa ɗazu da safe… yawu ya cika mata baki. Ba za ta iya ba. Za ta iya. Tsutsa ma ta zaro da hannunta, wannan ne zai gagare ta? Amma ranar ba ci aka ce ta yi ba.

Kejin na tsakiyar baranda a lulluɓe, zanin zumunta na bushewa da kashin a jikinsa, kasuwa na can tana ci. Daga ƙofar gida ta fara jin takunsa, ƙafar nan mai tabo yana jan ta a ƙasa, ya ji ƙamshin miya. Zai wuce wurin katanga ya tsaya jiran shuɗin kwanonsa, kamar kullum. Ta wanke hannun dama, ruwa na ɗiga daga yatsunta. Me za ta ce masa? Zo mu ci? Bakin nata ya ƙi buɗuwa… ta haɗiye yawun, ya sake taruwa.