Katin Nitai a Gwangwanin Shayi

Ƙarfe huɗu za a rufe rajistar 'yan ƙwallo a Kolkata, ga shi tun da hantsi Sakatare Ghoshal na wani babban kulob ya zo ya zauna a ɗakin Nitai da kwalin alewar madara. Katin Nitai ya zo karɓa. Kulob ɗin da ya riƙe katin ɗan wasa, shi ke da shi har ƙarshen kakar wasa.

Katin kuwa yana cikin gwangwanin shayin Jhuma, matar Nitai. Tun da aka maido shi a ƙarshen kakar bara ta ɓoye shi. A baran ma wani sakatare ne ya zo da alewa, aka ba shi katin ba tare da koci ya taɓa ganin Nitai ba, Nitai ya shekara a benci. Yanzu shekarunsa ashirin da tara. In ya ƙara wata shekarar a zaune, babu mai sake tuna sunansa.

"Ƙanwata, shinkafa za ki dafa da katin ne?" in ji Ghoshal yana dariya.

"Yallaɓai, Koci Haldar ya ce yana son sa?"

"Mu ke sayowa, shi ya horar. Kowa da aikinsa."

Nitai ya harare ta. "Babban kulob ne fa, Jhuma. Kar ki kunyata ni."

Ta zura gwangwanin a jaka, ta saɓa 'yarta Tuli a kwiɓi, ta ce madara za ta sayo. Ta hau bas zuwa filin da Koci Haldar ke horarwa. In Ghoshal ya yi fushi ya tafi fa? Me za ta ce wa mijinta?

Ta tarar da Haldar a bakin fili, tsoho ne mai furfura, yana ta busa usur. Ta gaishe shi ta faɗi sunan mijinta.

"Nitai Mondal? Ɗan gaba?" Ya dafe goshi. "'Yata, masu tsaron baya biyu na roƙa. Sun jibgo min 'yan gaba biyar, ko shawara babu. Naki ne na shida."

"Zai buga?"

Ya dubi Tuli da ke tsotsar gefen mayafinta. "Zai sami riga mai kyau. Bugawa kam, ba zan yi miki ƙarya ba."

Agogo ya nuna biyu da kwata. Akwai wani ƙaramin kulob a Howrah, tsallaken kogi, wanda kocinsa da kansa ya zo har sau biyu ya tsaya kallon Nitai. Nitai ya raina su, wai filinsu duk taɓo.

Ta kira shi a waya, ta faɗa masa maganar Haldar ba ragi.

"Ghoshal yana nan zaune," ya ce.

"Bar shi ya cinye alewarsa. Same ni a bakin jirgin ruwa, Howrah za mu."

Jirgi biyu suka tashi tana tsaye, Tuli na kuka, zufa na bin bayanta. Sai da na uku ya iso ta hango shi tafe, takalman ƙwallonsa rataye a wuya. Ko kallonta bai yi ba. Ya karɓi yarinyar, ya miƙo ɗaya hannun.

Ta buɗe gwangwanin, ta karkaɗe ganyen shayin da ya manne wa katin, ta ba shi. Saura minti hamsin.