Bindigar Katako ta Kuramochi

Tomie na cikin jan labule na shigo, don kada masu wucewa su hango bangon ɗakin. Mijinta Kuramochi, maƙwabcina na shekara da shekaru, yana kwance da robar iska a hanci, ya rame kamar tsinke. Idonsa dai na kan bangon, inda ya jera bindigoginsa.

Ba na gaske ba ne, ko sauro ba za su kashe ba. Kwaikwayo ne na gajerun bindigogin nan masu ɓarin wuta da masu tsaron manya ke ɓoyewa cikin kwat, kuma shi sai irin wadda ba a cika samu ba yake nema. Da ƙuruciya ya so zama ɗan sanda, abin bai yiwu ba, ya ƙare a gyaran keke. A layinmu "Kwamanda" muke ce masa, ni ne ma kan gaba wajen tsokana. Ita kuwa Tomie, da an ambaci bindigogin sai ta sunkuyar da kai ta canza zance.

Ya sa na sauko masa da wata 'yar guntuwa, ya ɗora a ƙirji.

"Hatanaka, idan na mutu, da wannan za a ƙona gawata."

"A can ma gadin za ka yi, Kwamanda?"

"Kai dai yi min alkawari, tsohon banza."

Na yi masa. Bai kai ƙarshen mako ba ya cika, da hantsi, Tomie na kicin tana dama masa kunun shinkafa.

Da na kawo maganar, mai shirya jana'iza ya ba da haƙuri, ya ce gidan ƙona gawa ba ya karɓar ƙarfe ko roba cikin akwati, don suna narkewa su ɓata ƙasusuwa; sai abin da wuta za ta cinye. Ina ji Tomie ta sauke ajiyar zuciya. Da yamma yayan marigayin, Yoshimasa, tsohon shugaban makaranta, ya iso daga ƙauye. Kallo ɗaya ya yi wa bangon ya ce a rufe da zanen gado kafin masu gaisuwa su ga abin kunya.

Ni kafinta ne, kuma alkawari kaya ne. Sai dai na kasa fuskantar Yoshimasa in ce ya ara min bindigar wasa a gidan makoki don in kwaikwaye ta da katako. Da ka na sassaƙa ta daga katako mara nauyi, ba ƙusa ko ɗaya, sai gam, na shafe ta da baƙar tawada.

Ranar rakiya aka buɗe akwatin, mutane suka yi layi kowa na ajiye farin fure. Bindigar na cikin kwat ɗina tana sukar haƙarƙarina. Da na iso gaban akwatin na ɗaga kai, ga Yoshimasa ya kafe ni da ido, ga mutanen layinmu, waɗanda muka daɗe muna dariyar tare. Kunya ta kama ni, wallahi har kunnuwana suka yi zafi. Na ajiye fure na wuce. Na sake zagayowa na bi layi, na sake ajiye fure. Ni da na yi wa mutum dariya a bainar jama'a ban ji komai ba, yau na kasa cika masa alkawari a gabansu.

Ma'aikata suka ɗauko murfi.

"Ku ɗan dakata," in ji Tomie. Ta juyo gare ni. "Hatanaka, tun ɗazu kake tafiya a karkace. Fito da ita."

Na zaro ta. Wani a baya ya yi tari don ya danne dariya.

"Tomie, a gaban mutane?" in ji Yoshimasa.

"A gabansu, Yaya."

Ta karɓa da hannu biyu, ta juya ta, ta bi jikinta da yatsa a hankali.

"Ka sa maɓallin kulle ta a dama," ta ce. "A hagu yake."

Na rusuna na ba ta haƙuri, na rasa inda zan sa fuskata.

"Ba komai. Zai yi mita, amma zai karɓa."

Ta ture furannin gefe, ta kwantar da ita a jikin damtsensa, ba ta rufe ta da ko fure ɗaya ba. Aka sa murfi.

A mota tana gaba ina bayanta, ta rungume hotonsa a cinya. Tawadar ashe ba ta gama bushewa ba, ta yi baƙi a yatsunta. Na miƙa mata hankici, ta girgiza kai.