Takardar Ƙarƙashin Faranti

A gidanmu na sufayen coci da ke Dakota ta Arewa, ba a faɗa wa mutum aikinsa da baki. Ranar sha biyar ga Agusta, in ka zauna cin abincin rana ka ɗaga farantinka, za ka tarar da 'yar takarda: bana kai ne mai kula da shanu, ko mai gasa burodi, ko malamin aji kaza. Shugaban gida kaɗai ke rubuta ta, shi da muke kira Abba. Ka karanta, ka ninke, in an gama ci ka je ka durƙusa gabansa ya sa maka albarka. Ba musu, ba "ai ni".

Abba Odilo Krebsbach ya shekara ashirin da biyu yana shugabancinmu, arba'in da ɗaya kuma yana koyar da Latin da Girkanci a makarantar da ke jikin gidan. Da aka zaɓe shi, kowa ya ɗauka zai bar aji. Ina! Cewa ya yi shugabancin mu muka ɗora masa, ajin kuwa Allah ne ya ba shi. Mutum ne mai taurin kai, ga baƙar magana, amma in ya fara rera tsofaffin waƙoƙin nan na mutanen da, 'ya'yan manoman alkama sai su manta da kansu.

Ni Fada Meinrad, ni ne mataimakinsa, wato ni ake turawa kan duk maganar da kowa ke tsoro. Wata safiya cikin Afrilu na bi ta ƙofar ajinsa. Yana tsaye yana karanta waƙar Girkanci, yatsansa na bin layi, yana juya shafi. Na dubi littafin da kyau. Littafin gyaran tarakta ne, mai koren bango irin na littafin Girkancinsa. Ɗalibai goma sha shida suna zaune, ba wanda ya ko murmusa. Ashe sun daɗe da sani, rufa masa asiri suke yi.

Da yamma na same shi a lambun tuffa.

"Abba, wane littafi ka riƙe ɗazu a aji?"

"Kai da ko gaisuwa ba ka iya da Girkanci ba, ina ruwanka?"

"Na gyaran tarakta ne."

Ya ce, "Shi ya sa nake ta jin warin baƙin mai."

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu. Tsakiyar idon ta tafi, gefe-gefe nake gani. Likita ya ce ba ta dawowa. Amma duk abin da ke littafin yana kaina, Meinrad, ko harafi ban ɓatar ba."

"Jarrabawar yaran fa? Wa ke dubawa?"

"Na san kowannensu kamar yunwar cikina."

"Na duba takardun. Ka ba 'yar gidan Heidt cikakken maki, alhali rabin takardarta fari fat."

"Da ta rubuta ai da ta ci."

Ban san sanda dariya ta ƙwace min ba, sai kuma na ji ƙwalla. Ya laluba ya kama hannun rigata.

"Ku karɓi sandar shugabancin, ku karɓi zoben, gobe ma ku zaɓi wani. Ajin dai ku bar min."

"Ba ni ke rubuta takarda ba, Abba. Kai ne."

Wata huɗu bai sake tayar da maganar ba, ni kuwa haushi kamar ya kashe ni. Ina iya kai ƙara wajen manyanmu, sau biyu ma na fara wasiƙar ina yagawa. Tausayinsa nake ji, kuma ina jin haushin kaina da nake tausayin.

Ranar takarda ta zo. Muka zauna shiru yadda muka saba, mai karatu na karatu daga mumbari, ga miyar kabeji da dankali. Kowa ya ɗaga farantinsa. Na hango Fada Ansgar, tsohon ɗalibin Abba, ya karanta tasa, fuskarsa ta yi ja har kunne. Ashe shi aka ba ajin. Sai Abba, da ke gefena, ya ɗaga nasa farantin. Shugaba ba ya samun takarda, don ba mai rubuta masa. Ran nan akwai. Rubutun hannunsa ne, haruffa manya-manya, sun karkace suna neman faɗowa daga gefe, daga kujerata na karanta: "Odilo. Barin aji. Feren dankali a kicin."

Ya kai ta gefen idonsa, ya daɗe, sannan ya ninke kamar kowa.

Bayan an gama ci muka yi layi, mu talatin da huɗu, ya sa wa kowa albarka. Da layin ya ƙare sai ya tsaya da takardarsa a hannu, ba wanda zai durƙusa wa. Ya bi bango da hannu har ƙofar kicin, inda Ɗan'uwa Pirmin mai dafa abinci ke tsaye, mutumin da bai taɓa sa wa kowa albarka ba. Abba ya durƙusa a gabansa.

"Haba Abba, tashi! Ni wa?"

"Kai ne maigidana yanzu. Yi sauri, gwiwar nan ba sabuwa ba ce."

Pirmin ya goge hannu a jikin riga, ya ɗora masa a ka. Da ƙyar ya ce, "Za ka yanke yatsa fa."

"Dankali ba ya bukatar ido. Ƙarfe tara zan riƙa zuwa."

"Mu takwas muke farawa, Abba."

"To, zan zo takwas. Amma ka ajiye min buhu guda na ƙarfe tara. Lokacin ake buga ƙararrawar ajina, ba na so ta same ni ba komai a hannu."