Fuskar Huseina a Tagar Kanti

"Ba zan shafe ta ba, Salmanu," in ji Abarshi, tari ya hana shi ƙarasawa.

Salmanu akawun kanti ya dire gwangwanin farin fenti a bakin zaure. Ni kuwa ina tsugune da kwanon kunu, na gaji da roƙon tsohon nan ya sha.

"Baba, umurnin Baturen kamfani ne. Wai matan yanzu sun fi son ganin atamfa a jikin farar fata, kamar a Kaduna."

"Matan garin nan namu na Kuyello ne suka gaya masa?"

Abarshi maƙwabcina ne, mai fentin motocin katako. Da aka kawo mutum-mutumin itacen nan da ake ɗaura wa zannuwa a tagar kanti, fari ne fat, ba ido ba baki. Mata suka ce fatalwa ce, suka sake hanya. Aka kira Abarshi. Ya yi masa launin mutane, ya sa kwalli, ya ɗauki aska ya yi tsaga uku-uku a kumatu. Ina gani na gane fuskar. Huseina ce, matarsa da ta rasu wajen haihuwa, ba ta bar ɗa ba balle hoto.

Atamfa ta yi ta tafiya, mata na ta saye. Liman ya yi faɗa wai gunki ne, har ya gaji. Kullum da yamma Abarshi sai ya je ya ga sabon zanen da aka ɗaura mata, irin wanda bai taɓa iya saya mata ba tana raye.

"Talatu," ya ce bayan tafiyar Salmanu, "in suka shafe, wa zai tuna kamanninta?"

"Ni mana. Sha kununka."

"Ke da kike manta inda kika ajiye ludayi?"

Na yi dariya, amma ta yi min ciwo, don gaskiya ya faɗa.

Abarshi ya cika bayan azahar, gwangwanin na nan ba a buɗe ba. Salmanu ya zo ta'aziyya, ya yi addu'a mai tsawo, da zai tafi ya ɗauki abinsa.

Ranar kasuwa na bi ta kantin. An mayar da Huseina fara fat, an kafa mata hular matan Turawa, 'yan mata sun taru suna yaba rigar. Na kutsa har jikin gilashi. Fenti bai cike tsagar ba. Ƙurar motocin katako ta fara kwanciya a ciki, uku a wannan kunci, uku a wancan.