Ba Wannan Na Koya Ba

Kullum direba na lallasa ƙanensa mai aski a wasan ces. Shi ke riƙe farare, kuma da sojan gaban sarki yake buɗewa. Mai aski ya dage ya haddace kariyar baƙaƙe, yana aski yana bitarta a baki.

Ran nan suka ɗora allo a bencin shago, sai direba ya tura sojan gaban sarauniya.

Mai aski ya cafke hannunsa. "Haba Yaya! Mayar, ba wannan na koya ba."

Direba ya mayar yana dariya, ya tura na sarki. Mai aski ya ɗaga hannu, sai karatu ya ɓace.

Wani tsoho mai jiran aski ya ce, "Fitar da doki mana! Ai a kunnena ka koya."