Abin da Tafinta Ya Rage a Hanya

Kumai bai wuce aji huɗu ba, amma a asibitin mishan da ke bayan layin dogo a Kafanchan babu ɗan ƙasar da ya kai shi jin Turanci. Shi ne tafinta. A aljihunsa akwai ɗan littafi mai baƙin bango, inda ya shekara tara yana tara irin maganganun Turawa da ba a gane su sai an zauna da masu su. Idan likita ya ce mutum yana "under the weather", jiki ne kawai ba daɗi. Idan ya ce "out of the woods", an tsallake haɗari. Abin da ya daɗe yana damun Kumai shi ne, maganganun nan sun fi yawa a inda labari ya fi muni.

Wata Laraba a daminar 1974, likita ya gama duba Kambai, wani manomin citta daga ƙauye bayan Kachia, wanda cikinsa ya kumbura kamar tulu. Ya wanke hannu, ya ce da Kumai, "He's on his last legs. A matter of days. Break it to her gently." Ya wuce gado na gaba.

Kumai bai buƙaci buɗe littafi ba. Mutumin ya zo ƙarshe, saura kwanaki, a gaya wa matarsa a hankali.

Matar, Afiniki, tana zaune a ƙasa gefen gadon. Tun da safe ta gaya wa Kumai damuwarta. Motar ƙauyensu ranar Laraba kaɗai take tashi, ƙarfe biyu. 'Ya'yansu uku duk mata ne. Idan Kambai bai zaga iyakar gonarsa da dattawa ba tun yana da rai, ko da a goye ne, ƙanensa Meshak zai sa garma a ciki kafin a share makoki.

"Malam, me ya ce?"

Kumai ya dubi agogon bango. Sha biyu da rabi.

A wajen mutanensu ba a ambatar mutuwar mai rai. Wanda ya faɗa, shi ya kira ta. Shekara biyu da suka wuce Kumai ya faɗa wa wasu mutanen Madakiya gaskiya, tsohonsu ya mutu kamar yadda aka ce, sai magana ta bazu cewa bakin Kumai ne. Wata huɗu babu mai sayen masar matarsa Paulina. A coci, bencin da suka zauna sai ya zama nasu su kaɗai.

"Ya ce jiki ya yi nauyi, Mama, amma ana ƙoƙari."

Kambai ya buɗe ido ɗaya. "Bature ya yi magana mai tsawo, kai ka kawo guntu. Sauran ka cinye a hanya?"

"Turanci ne, Baba. Ruwa ya fi tsaki yawa."

"To, ni tsakin nake so."

Kumai ya yi dariya, tsohon ma ya fara, tari ya katse shi.

Afiniki ba ta yi dariya ba. "In kai shi gida, ko in bari ya sha magani?"

"Ke kika san gidanki, Mama."

"Ni na san gida. Kai ka san Turanci."

Kalma biyu ce: tafi yau. Ya ji su a bakinsa. Sai ya tuna Paulina zaune gaban tanda, masa tana sanyi a faranti. Ya gaya wa kansa ai likita ma cewa ya yi a hankali, kuma ƙarya bai yi ba, ana ƙoƙari da gaske.

"Allah yana nan," in ji shi.

Ta kwance ƙunshin kayan da ta riga ta ɗaure, ta fito da tukunya, ta tafi hura wuta a rumfar masu jinya. Ƙarfe biyu ya sami Kumai yana fassara wa wani mai ciwon haƙori.

Kambai ya rasu ranar Asabar da hantsi. Ruwa ya cinye hanya, babu motar da za ta ɗauki gawa, aka binne shi a filin bayan asibiti, cikin kaburburan baƙi.

Laraba ta zagayo, Afiniki ta sami Kumai a baranda, riƙe da ɗan ƙulli.

"Meshak ya aiko," ta ce. "Wai kada in damu da gona, zai kula." Ta miƙa masa ƙullin, busasshiyar citta ce. "Ta gonarmu ce, ta bara. Duk asibitin nan kai kaɗai ka riƙe mana zuciya. Yesu ya saka maka."

Kumai ya karɓa da hannu biyu, kamar yadda ake karɓar kyautar babba. Bai sami inda zai sa ba sai aljihun da littafin yake. Daga cikin ɗaki likita yana kiran sunansa, akwai wata mata da ke jiran a gaya mata abin da aka gani a jikin 'yarta.